Kejin teku ko tafkin da aka zuba wa taki: wanne ya dace da mai renon ƴaƴan kifi a Maraɗi?

Wani ɗan'uwa a wannan ƙungiya tamu ta masu kiwon kifi ya yi tambaya cewa ya ji ana renon ƴaƴan kifi cikin keji a teku ba tare da an saya musu abinci ba, shin wannan hanya ta fi wadda muke bi, kuma za ta yiwu a nan? Malam, ga yadda hanyoyin biyu suke idan an jera su.

A teku, ana saka ƴaƴan kifin cikin kejin raga mai ƙananan idanu, ruwa yana ratsawa yana shigo da ƙananan halittun da ido bai cika gani ba, waɗanda masana ke kira filankiton, su kuma kifayen suna kamawa. A wasu wuraren ana kunna fitila da dare domin haske yana tara waɗannan halittu a bakin kejin. Mutanen Norway sun daɗe a wannan fage, domin tun 1882 aka kafa tashar ƙyanƙyasar kifi ta Flødevigen, daga baya kuma suka reni ƴaƴan kifin kod, wani kifin teku mai sanyi, a rufaffun lungunan teku da wannan abinci na halitta. Abin da ya ja hankalinsu shi ne, ƙananan ƙwarin cikin filankiton da ake kira kofifod sun fi abincin da ake haɗawa a ɗakin ƙyanƙyasa yawan man DHA (wani mai ne da jikin kifi ke buƙata don girma) da aidin, shi ya sa kifin da ya tashi a kansu yake saurin girma kuma ba ya yawan nakasa. Matsalar ita ce ba mai iko da teku: filankiton yana yawaita a wani lokaci na shekara sannan ya ragu, ragar tana toshewa da gansakuka, ruwan da ke kawo abinci kuma shi ne ke kawo cututtuka.

Mu a nan tarwaɗa da ƙarfasa muke kiwo, kuma sun fi sauƙi. Ɗan tarwaɗa yana shanye kwaiduwarsa cikin kwana 3 da ƙyanƙyashewa, bakinsa kuma ya isa ya kama Artemiya (ƙananan jatan landen ruwan gishiri da ake sayen ƙwansu a gwangwani) tun daga lokacin, alhali ƴaƴan kifin teku da yawa sai an fara musu da abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Artemiyar gwangwani tana ƙyanƙyashewa cikin awa 24 a ruwan gishiri, kuma kai ke auna abin da za ka bayar, amma daga nesa take zuwa, kaso mai yawa daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah a Amurka, kuma duk wanda ya saya ya san yadda take cin jari.

A ganina, abin da ya fi kusa da kejin teku a wurinmu shi ne ragar reno da ake kafawa cikin tafkin da aka zuba wa busasshen kashin kaji kwanaki kaɗan kafin a saka kifi, har ruwan ya yi kore, ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira Moina, waɗanda ƴaƴan kifi ke ci, su yawaita. Ragar tana tsare ƴaƴan daga talibambam da ƙwarin ruwa masu cin su, sai dai wajibi ne a riƙa tace manyan a ware su, domin tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. A kula kada taki ya yi yawa, domin iskar numfashi takan ƙare a ruwan da asuba.

Game da kafa keji a tafkin Madarumfa da ke kusa da Maraɗi kuwa, ina ba da shawarar a yi hattara, saboda ruwansa yana ja baya sosai da rani, da damina kuma yana yin laka, ga masunta da ke neman abincinsu a cikinsa, waɗanda dole a nemi yardarsu da ta hukuma kafin a kafa ko turke ɗaya.