Gugar fenti da shafa kaki a Yamai: motoci biyu na kai, ga yadda suke bayan wata huɗu

Ranar da na sayi baƙar Corolla, yayana ya zagaya ta sau ɗaya ya ce mini, “Baƙar mota a Yamai? Ka sayo wa kanka aiki.” Ban ji ba. Shekara shida ke nan tana hannuna, tana kwana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidanmu a Bukoki, tana yini cikin rana gefen kasuwar Katako inda nake sayar da kayan gini. Zuwa ƙarshen daminar da ta wuce, rufinta da murfin inji sun koma kamar an barbaɗa musu toka. Ko an wanke ta, da zarar ta bushe sai dusashewar ta dawo. In rana ta haska ta kuwa, sai ka ga wasu siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo.

Niyyata ta farko a sake mata fenti. Mai fentin da na je wa, Allah ya saka masa, shi ya hana ni. Ya lashi yatsa ya shafa a kan ƙofa, wurin ya yi baƙi wuluk, ya ce fentin bai mutu ba, samansa ne ya gaji, in kai wa masu goge shi da inji. Haka na je wani wuri a arewacin gari a ƙarshen watan Oktoba. Ba zan ambaci sunansa ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa. Na kai Corolla, bayan kwana uku na aika da farar Hiace ɗin da nake sa wa direba tana jigila tsakanin Yamai da Tawa.

Wurin rumfar kwano ce babba, an dabe ƙasa da siminti, an rufe gefe biyu da tamfal saboda iska. Wannan ya fara kwantar mini da hankali, don na sha ganin masu goge mota a bakin gudoro, rana na dukan ƙarfe, ƙura na sauka a kan abin da suke shafawa. Maigidan wurin, wanda ya ce a Kwatano ya koyi aikin, bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gama duba motar da tocila. Duk inda ya ga karce sai ya ja farce a kai. Inda farcen ya wuce sumul ya ce wannan zai fita. Inda ya maƙale ya ce, “Alhaji, wannan ya wuce inda injina zai kai, sai dai in rage masa kaifi. Kada gobe ka ce na yi maka alkawari.”

A nan na koyi abin da da na san shi tun farko da ban yi wa motar abin da na yi mata ba. Fentin irin waɗannan motoci hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan akwai wani garai-garai a sama da suke kira berni. Shi ne ke ƙyalli, shi ne ke tare rana. Kaurinsa bai kai na gashin kai guda ba, wajen mikron 40 zuwa 50, kuma mikron ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida 1000. To, gugar fenti ba ƙara wa mota komai take yi ba. Kankare saman bernin ake yi kaɗan har ya daidaita da gindin zanen, sai haske ya daina watsewa. Ke nan ƙyallin da ka biya kuɗi ka gani, daga fatar motarka aka yanko shi. Duk wanda ke kai mota a goge ta da inji kowace Sallah, wata rana zai wayi gari bernin ya ƙare, sannan sai mai fenti.

Yana da wata ƴar na'ura da ake ɗora wa jikin mota ta nuna kaurin fenti. A yawancin wurare ta nuna ɗari da ƴan kai. Da ya zo ƙofar baya ta dama sai ta haura 300. Ya dube ni yana murmushi ya ce an taɓa buge ƙofar nan an cike ta an fesa. Shekara shida ina bugun ƙirji cewa motata ba ta taɓa haɗari ba! Wanda ya sayar mini ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, maganar ta wuce.

Mun daidaita a kan jika 35, wato sefa dubu 35, ga Corolla, har da goge fitilun gaba da suka yi ruwan ƙwai. Kuɗi ne, musamman ga wanda ya saba ba yaran unguwa jika guda su wanke ciki da waje. Na ɗauko kujera na zauna, don ban yarda in bar abin da ban gane ba.

Wanki kawai ya ci kusan awa ɗaya. Sun fara da fesa ruwa har ƙurar ta zuba da kanta kafin hannu ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Sosson taya daban. Daga nan suka ɗauko wani abu kamar yumɓu mai danƙo, suna jiƙa wuri suna murza shi a hankali. Jikin da na rantse ya fita tas, sai ga yumɓun ya yi ja da baƙi: ƙurar burji, ɗigon kwalta, da ƙaron dogon yaro. Aka liƙa salatif a kan robobi da bakin gilashi. Sannan maigidan ya raba murfin inji biyu da salatif ya goge rabi kaɗai, ya kira ni. Dabarar kasuwa ce, na sani, ni ma ɗan kasuwa ne. Amma ta ci ni. Gefe guda toka, gefe guda ina ganin kwanon rumfar da ƙusoshinsa.

Sau biyu aka bi motar. Na farko da man goge mai kaushi da soso mai tauri, na biyu da mai laushi don share sawun na farko. Inji iri biyu suke da shi. Akwai mai juyawa wuri ɗaya, mai sauri, wanda in an tsaya da shi yana zafafa fenti har ya ƙone shi. Akwai mai juyawa yana karkarwa, wanda ya fi jinkiri amma bai cika ɓarna ba. A kan Corolla maigidan da kansa ya riƙe na farkon, yana yi yana taɓa ƙarfen da bayan hannu. Na biyun ya bar wa babban yaronsa.

Wurin zaɓen kaki ne na yi wauta. Ya nuna mini gwangwani biyu. Ɗaya kakin karnuba ne, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Barazil, yana ba baƙar mota wani zurfin launi kamar ta jiƙe. Ɗayan haɗin masana'anta ne, ƙyallinsa bai kai na farko daɗin ido ba amma ya fi jure zafi da wanki. Ya faɗa mini ƙarara cewa a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, baƙin rufin mota kuwa ba ya taɓuwa da hannu, karnuba ba ya daɗewa. Na ce a sa mini shi, ido ya rinjaye ni. Da yamma na fito da motar, a gadar Kennedy wani mai babur ya tsaya kusa da ni yana gyara hularsa a jikin ƙofata. Maiɗakina da ta gani ta tambaye ni ko bashi na ci.

Hiace labarinta daban, kuma a nan ƙorafina yake. Farin fentinta irin na hawa ɗaya ne, babu berni a kai, shi ya sa in ka jingina da ita sai rigarka ta ɗebo fari kamar alli. Da suka ɗora inji sosson ya koma fari fat, alamar fentin kansa ake ci. Mota ce da ke bin Doso, Dogon Dutsi, Konni, ta karya a Tsarnawa ta nufi Tawa, fiye da kilomita 500 kowace tafiya. Gabanta duk tsakuwa ta tsattsage shi, igiyoyin ɗaure kaya sun ci gefen rufi. Waɗannan babu injin da zai gyara su, kuma bai ce zai gyara ba. Jika 60 muka yi, da kakin masana'anta, bisa alkawarin in karɓa ranar Juma'a bayan la'asar don ta kama lodin Asabar, ta riski kasuwar Lahadi a Tawa. Ba a ba ni ita ba sai Asabar da magariba. An ɗauke wuta rabin yini, ba su da janareta, wannan ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Amma ba wanda ya kira ni. Sai da direbana ya je ya tarar da yara biyu a kan tsani suna kan rufi. Tafiya guda ta tafi, kuma abin da na rasa a tafiyar ya kusa kuɗin aikin.

Da suka ga dare na yi sai aka shiga gaggawa, aka miƙa wa ƙaramin yaro injin mai sauri. A bakin ƙofar da ake ja, inda ƙarfe ya lanƙwasa kuma fenti ya fi siranta, ya cinye farin har na ƙasa ya leƙo, tsawon ɗan yatsa. An kuma bar kaki ya bushe a kan baƙaƙen robobin bamba, ya yi fari-fari, har yau bai gama fita ba. Na koma na nuna wa maigidan. Bai yi gardama ba, ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, namu ne.” Ya taɓa wurin da ɗan buroshi ya mayar mini da jika 5. Na karɓa, amma tabon na nan, ni da na san wurin kullum idona a kai yake sauka.

Ga masu manyan motoci: ranar da na koma na tarar da kan wata tirela ana goge shi, da tankunan gazuwal ɗinta na alminiyam. Hannayen yaran sun yi baƙi ƙirin, haka alminiyam ke yi in ana goge shi, tankin kuma ya koma kamar madubi. Kai kaɗai suke yi, ba sa taɓa bodi. Rumfar ba za ta ɗauki doguwar bas ba, sai dai a yi rabinta a rana, kuma ni ba zan yarda a yi wa tawa haka ba.

Yanzu muna cikin Fabrairu, hunturu ya yi abin da ya saba. Kakin Corolla ya kai mako bakwai ruwa na dunƙulewa a kanta yana gangarowa, daga nan ya fara kwanciya shimfiɗe, alamar ya tafi. Na Hiace har makon jiya yana riƙe, direba ya ce ƙwarin da ke mannewa a gaba da dare yanzu ruwa kawai ke ɗauke su. Baƙin Corolla bai koma toka ba, fitilun ma suna nan garau, sai dai an gargaɗe ni za su sake yin ruwan ƙwai tunda an kankare abin da ke tare musu rana. Tabon kashin tsuntsu biyu a rufi, waɗanda suka ci berni tun da daɗewa, suna nan yadda suke.

Abin da ya fi ba ni haushi ni na jawo shi. Maigidan ya ja mini kunne kan abu biyu: kada omo ya taɓa motar, don yana wanke kaki kamar yadda yake wanke maiƙon tukunya, kuma kada a share ƙura da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu gari ce a ido, amma yashi ce, tsumma kuma na jan ta a kan fenti kamar sanfefa. Na kiyaye wata biyu, ina zuba ruwa da kaina bayan asuba. Sai rasuwa ta kai ni Tawa na yi kwana tara. Ɗan ƙanena, don ya faranta mini, kullum safe sai ya kaɗe motar da tsohuwar singileti. Da na dawo na haska tocila a ƙofar direba, saƙar gizon ta dawo, sabuwa fil. Ban yi masa faɗa ba, don shekara shida abin da na sa shi yi ke nan.

Ga Corolla kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da mai fenti ya nema ba. Ga Hiace, in zan sake, sai in ce a wanke a sa kakin masana'anta kawai, a bar inji, kuma ba zan kai ta ana jibi tafiya ba. Mako mai zuwa zan mayar da Corolla a shafa mata kakin da na ƙi, jika 8 ya ce, ba tare da goge ba. Na so in sare reshen dogon yaron da ke zubo mata ƙaro, tsohuwarmu ta ce mahaifinmu ne ya dasa shi, ba mai taɓa shi tana raye. Yanzu a gidan maƙwabci motar ke kwana, ina biyan mai gadinsa.