Babban kamfani ko ƙarami: amsa ga nas mai shirin fita kwantiragin farko

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce shekararki biyu kina aikin jinya a wani asibiti a jihar Maryland ta Amurka, yanzu kina son ki fara aikin kwantiragi irin na zagaya jihohi, kuma kamfanoni biyu masu samar wa asibitoci ma'aikatan jinya sun miƙo miki tayi, duka a Texas, duka na mako 13, awa 36 a mako. Babban kamfanin ya ce dala 2,000 a mako, ƙaramin ya ce 2,250. Tambayarki ita ce wanne za ki kama.

Da ni ce ke, a wannan fitar ta farko babban zan bi, sai fa idan ƙaramin ya yarda ya rubuta wasu abubuwa a takarda. Ga dalilina.

Fara da sanin inda kuɗin yake fitowa. Asibiti ba ke yake biya ba. Yana biyan kamfani ne wani adadi a kan kowace awa da kika yi, kamfanin ya cire ribarsa, da inshora, da harajin da ke kansa, da ladan wakilin da ya nemo ki, abin da ya rage shi ne naki. Wato dillali ne, kuma kowane dillali da irin la'adarsa. Manyan asibitoci da yawa ma ba sa magana da kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Kamfani guda suke damƙa wa ragamar ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, tsarin da ake kira MSP, shi kuma ya raba guraben ga sauran ya karɓi kasonsa. Irin su AMN Healthcare, Aya Healthcare, Medical Solutions da Cross Country suna riƙe da wannan ragama a asibitoci masu yawa. Saboda haka gurbi yakan fara faɗowa hannunsu, ƙaramin kamfani kuma sau tari a bayansu yake tsaye. To ta yaya ƙaramin yake iya ba ki fiye? Ofishinsa ƙarami ne, ma'aikatansa kaɗan, yana haƙuri da riba 'yar kaɗan. Wani lokacin kuma ya rage ne daga wani wurin da ba ki duba ba, kuma nan nake so mu daɗe.

Na kalli rabe-raben da kika turo. Babban: dala 30 a awa, wato 1,080 a mako da za a cire wa haraji, sai alawus ɗin gida da abinci 920. Ƙaramin: dala 22 a awa, wato 792, sai alawus 1,458. Ratar 250 ce a mako, 3,250 a mako 13, kuma da yake ƙaramin ya tura kaso mafi tsoka cikin alawus ɗin da ba a cire masa haraji, abin da zai shiga asusunki ma ya fi haka rata. Kuɗi ne, ba wasa ba. Amma kin ce babban ya rubuta cewa awa 36 ɗinki tabbatattu ne, ƙaramin kuwa bai ce uffan ba. Idan marasa lafiya suka yi ƙaranci a sashe, nas ɗin kwantiragi ake fara kira a ce ta zauna a gida, don ita ce mai tsada. Kamfanoni da yawa kuma suna yanke alawus daidai da awannin da aka rasa. A lissafin ƙaramin, duti ɗaya na awa 12 dala 750 ne. A soke miki huɗu cikin wata uku, 3,000 ta tafi, kusan duk ratar ke nan, ga kuɗin haya bai san an soke duti ba. Ko tabbacin babban ma ki karanta shi da kyau, domin yawanci akwai layin da ya ba asibiti damar soke wasu 'yan dutoci ba tare da biya ba. Ki nemi adadin a rubuce: nawa ne, kuma a cikin mako nawa.

Dala 22 ɗin nan kuma tana da wata illa da ba a gani nan take. Idan kika yi ƙarin lokaci, ninki ɗaya da rabi na 30 shi ne 45, na 22 kuwa 33, in dai ba a rubuta wani farashi dabam ba. Ranar da kika je neman bashin sayen gida, banki abin da aka cire wa haraji yake fara kallo. Haka kuɗin fansho na gwamnati, haka tallafin wanda ya rasa aiki. Ga mai iyali da ke shirin sayen gida nan da shekara ɗaya ko biyu, wannan kaɗai ya isa ya karkata zaɓi.

Alawus ɗin shi kansa ba kyauta ba ne, da sharaɗi yake zuwa, kuma sharaɗin na hukumar haraji ta IRS ne, ba na kamfani ba. Sai kina da mazauni na dindindin da kike ci gaba da kashe masa kuɗi, sannan ga ki kina biyan wata hayar a garin aiki. Idan kika saki gidanki na Maryland kika zuba kaya a ma'ajiya, komai ya koma mai haraji, kuma ke za a tambaya, ba wakilin da ya ce miki “ba komai” ba. Zancen da kike ji cewa sai wurin aiki ya yi nisan mil 50 da gidanki, ƙa'idar asibitoci da kamfanoni ce kawai, ba dokar haraji ba. Abin da ke dokar shi ne aikin ya zama na wucin gadi, kada ya haura shekara ɗaya a wuri guda. Akwai kuma iyakar alawus, wadda ake aunawa da jadawalin GSA, hukumar gwamnatin Amurka da ke fitar da ƙimar kuɗin masauki da abinci na kowane gari. A shekarar kuɗi ta 2025, ma'aunin gama-gari dala 110 ne na masauki da 68 na abinci a rana, wato 1,246 a mako, manyan birane kuma sun fi haka. Alawus ɗin ƙaramin kamfanin ya kama wajen 208 a rana. Ki duba garin a jadawalin. In adadin garin bai kai haka ba, ki tambaye su a kan me suka dogara.

Wani dalilin riƙe gidan Maryland: lasisinki. Maryland da Texas duk suna cikin yarjejeniyar lasisin bai-ɗaya ta jihohi sama da 40, kuma lasisin yana rataye ne da jihar da take mazauninki. Da Kalifoniya ko New York ne aikin, da sai kin nemi lasisinsu daban, a nan ne kuma manyan kamfanoni suke da amfani, don suna da ofis guda na bin takardu, kuma galibi suna mayar da kuɗin da aka kashe. Kada kuma ki yi murna da cewa Texas ba ta karɓar harajin albashi. Maryland za ta karɓi nata tunda can kike zaune.

Inda ƙananan kamfanoni suke doke manya shi ne mu'amala. A ƙarami, wakilinki yana da mutane kaɗan a hannu, ya san sunanki, ya san kina da yara, kika kira da yamma zai ɗauka, wani lokacin ma mai kamfanin da kansa za ki samu. A babba kina iya zama lamba a cikin kwamfuta, yau wannan wakili, gobe an canja miki wani. Na taɓa aiki da wani ƙaramin kamfani da wakiliyarsa ta kira manajar sashe da kanta a daren da aka yi ta jefa ni daga wannan sashe zuwa wancan, kafin dutina na gaba an gyara. Ba a cika samun wannan a manya ba. Amma su ma manyan suna da abin da ƙarami ba ya iya yi. Idan asibiti ya soke kwantiragi gaba ɗaya a mako na uku, kuma yana faruwa, babban kamfani yana da guraben da zai iya tura ki cikin 'yan kwanaki, da takardunki duk a hannunsa. Ƙaramin zai ba ki haƙuri da zuciya ɗaya, ya ce yana nema. Ga wadda ta ajiye aikin dindindin ta fito karon farko, ba ta tara kuɗin ko-ta-kwana ba, wannan bambancin ya fi 250 a mako nauyi. Yawancin manyan kuma suna da tsohuwar nas da ake iya kira dare da rana idan rigima ta taso a kan aikin jinya kansa. Ki tambayi ƙaramin ko yana da irinta.

Girma dai ba shaidar gaskiya ba ce. A 2022, bayan farashin lokacin korona ya faɗi, ma'aikatan jinya sun maka wasu kamfanoni a kotu, har da manya, bisa zargin zaftare musu albashi ana tsakiyar kwantiragi, bayan sun riga sun tare a garin. Don haka duka biyun ki tambaye su: in asibiti ya rage farashi, kwana nawa za a ba ni sanarwa, kuma in na ƙi na tafi, akwai tara? Shaidar Joint Commission, hukumar da ke tantance ingancin cibiyoyin lafiya, wadda take ba kamfanonin samar da ma'aikatan lafiya ita ma ki duba ta. Ƙanana da yawa suna da ita, wanda ba shi da ita kuma ni ba na ɓata lokaci a kansa. Haka wanda ya ce zai biya ki da takardar 1099 maimakon W-2, wato ki zama mai zaman kanki, haraji da inshora duk a wuyanki.

Inshorar lafiya: wasu daga ranar farko take farawa, wasu sai farkon watan da ke biye. Ki ji kuma kwana nawa za ki iya hutawa tsakanin kwantiragi biyu kafin a yanke ta. Kina da yara, kada ki bar wannan a baki.

Sai abin da ya shafe mu. In Sallah ko goman ƙarshe na azumi za su faɗo cikin makonnin nan 13, ki sa a rubuta ranakun hutunki a cikin kwantiragin kafin ki sa hannu. Bayan sa hannu roƙo ne, kuma baƙuwa ba ta da fuskar roƙo a jadawalin duti. Da yake ranar Idi tana iya motsawa, ki nemi kwana biyu a jere. A hirar waya da manajar sashe ki tambayi marasa lafiya nawa ake ba nas ɗaya, domin Texas ba ta da dokar da ta ƙayyade adadi irin wadda Kalifoniya take aiki da ita tun 2004, inda a sashen kwanciya na gama-gari ba a wuce biyar. Ki tambayi kuma waɗanne sassa za a iya tura ki, a rubuta su da suna. Masauki kuwa, ki nemi na wata-wata a irin su Furnished Finder, shafin intanet na hayar gidaje masu kayan ɗaki, kada ki ɗaure kanki da hayar wata uku.

Ga 'yan'uwa da ke Kano, Kaduna ko Yamai masu tambaya ko wannan hanyar fita ce: a'a. Wannan aiki na wanda ya riga ya sami izinin aiki a Amurka ne, da lasisi, da gogewar shekara ɗaya zuwa biyu a asibitin can. Kamfanonin da ke kawo nas daga waje bayan NCLEX, jarrabawar samun lasisin jinya a Amurka, wani fanni ne dabam, kwantiraginsu na shekaru ne, maganarsu kuma sai wata rana.

Abin da za ki yi yanzu: ki aika wa wakilin ƙaramin saƙo a rubuce, ki ce kina son tabbacin awa 36, da farashin ƙarin lokaci, da ranar fara inshora, duk a cikin kwantiragi. In ya rubuta, tayinsa ya fi, ki karɓa. In ya fara ce miki ai asibitin ba ya soke duti, ki gode masa ki bi babban, amma ki bar takardunki a wurinsa, don a fita ta biyu ko ta uku, kin tara ɗan abin hannu kin san kan aikin, zai yi miki rana. Ki kuma gaya wa kowannensu tun yanzu cewa kada a miƙa sunanki ga wani asibiti sai da izininki. Asibitoci da dama in suka ga sunan nas ɗaya daga kamfanoni biyu a gurbi guda, ajiye takardar suke yi gefe. Allah ya sa a fita a sa'a.