Wayar wasa mai koyar da ƙirga: ku duba murfin batir kafin ku biya

Wayar roba ce ruwan hoda, irin wadda ake latsawa ta yi ƙirga da Faransanci ta rera waƙa. Kun san ta, ta cika shaguna a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru gab da Sallah. Na saya wa 'yata mai shekara huɗu da za ta shiga matanel, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, kuma a gaskiya ta yi aikinta. Kafin mu ankara yarinya tana ƙirga har goma, tana ma gyara wa kakarta lafazi. Ƙarar ce ta yi yawa, babu inda ake ragewa, sai da maigida ya liƙa salatif a bakin lasifikar. Da a nan abin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya.

Ashe murfin batir ɗin ba shi da sukuru, dannawa kawai ake yi ya kama. Ranar da wayar ta faɗi a kan siminti sai ya ɓalle, ƙananan batira uku irin na agogo suka watse. Na tsinci biyu. Na ukun a bakin ƙaninta na same shi, yaron da ko yaye shi ban yi ba. Ya datse baki gam, sai da na matse masa kumatu na sa yatsa na zaro abin, duk ya jiƙe da yawu. Irin wannan batir in ya maƙale a maƙogwaron yaro, cikin awa biyu yana iya ƙone naman wurin. Daren nan ban runtsa ba.

Na koma shagon. "Hajiya, ai ga alama nan," in ji mai shagon, yana nuna min fuskar jariri da aka ja wa jan layi, an rubuta 0-3. Na ce, Alhaji, na gani, amma wane gida ne a unguwar Yelwa yake da ɗan shekara huɗu ba shi da mai rarrafe a bayansa? Ya ce kaya in ya fita ya fita. Ko musanya ya ƙi.

Yanzu gutsattsarin katako 'yar tawa take ginawa, kafintan layinmu ne ya goge mana su sumul. Ita wayar tana saman kwaba, kullum sai an yi kuka a kanta. Af, kuma lambobin jikin maɓallan tun kafin azumin Sitta Shawwal ya ƙare suka goge, ga kuɗina ya tafi.