Jakar nukiliyar Amurka da ta Rasha: wai ina maɓallin yake?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jakar da ake bin shugaban Amurka da ita iri ɗaya ce da ta Putin, kuma me ya sa kowane marubuci ke faɗin nasa.

Ta Amurka, wadda suke yi wa laƙabi da "ƙwallo", baƙar jakar fata ce mai nauyin kusan kilo 20. Hafsan soja ke riƙe da ita duk inda shugaba ya sa ƙafa, kuma tun 1963, zamanin Kennedy, take fitowa a hotuna. Babu maɓalli a cikinta. Galibi takardu ne: kundin da ya jera irin hare-haren da za a zaɓa, da wuraren ɓuya, da tsarin yi wa ƙasa jawabin gaggawa. Lambobin da shugaba zai tabbatar wa Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, cewa shi ke magana suna kan wani ɗan kati da ake kira "biskit", a jikinsa yake yawo da shi. Duk wanda ya rubuta maka labarin wani maɓalli ja, a fim ya gani.

Ta Rasha sunanta Cheget, sunan wani dutse ne a yankin Kabardino-Balkariya. Ta fara aiki wajajen 1985, lokacin Gorbachev, sojan ruwa kuma ke ɗauke da ita. Ita na'ura ce, haɗe da tsarin sadarwa mai suna Kazbek. A 2019 tashar sojan Rasha ta Zvezda ta nuna cikinta, ga maɓallai nan jere. Sai dai su ma ba sa harba komai, umarni suke kai wa hedikwatar hafsoshi.

Gardamar daga nan take tashi. Cheget guda uku ce: ta shugaba, ta ministan tsaro, da ta babban hafsan hafsoshi. Wasu suka ɗauki wannan suka rubuta cewa sai ukun sun yarda, alhali takardar manufofin nukiliyar Rasha ta 2020 ta ɗora hukuncin a wuyan shugaba. Irin wannan kuskure ake yi a ɓangaren Amurka, a ce wai sai sakataren tsaro ya sa hannu. A doka, shugaba shi kaɗai ne.

Hatta waɗanda suka gani da ido ba bakinsu ɗaya ba. Janar Hugh Shelton, tsohon babban hafsan hafsoshin Amurka, ya ce katin shugaba Clinton ya ɓata na watanni wajajen 2000, shi kuwa Robert Patterson, wanda ya taɓa riƙe jakar, ya ce a 1998 aka yi. Ni dai in na ga marubuci ya zaɓi shekara ɗaya bai faɗi daga bakin wa ya ji ba, sai in daina sakin jiki da shi.

Sai batun 25 ga Janairun 1995, ranar da aka harba rokar binciken kimiyya daga Norwe, na'urorin Rasha suka hango ta, ta yi musu kama da makami mai linzami. Washegari Yeltsin, shugaban Rasha na lokacin, da bakinsa ya ce ya yi amfani da jakar. Jaridun Yamma suna cewa saura ƙiris duniya ta kama da wuta, wasu tsofaffin hafsoshin Rasha kuma suna cewa an zuzuta abin ne kawai.