Kantar kicin ta kwatiz: tabon da ke fita da wanda ba ya fita

Masu sayar da kwatiz suna da magana ɗaya da ba sa gajiya da maimaitawa: wai ba ya tabo, ba ya bukatar kulawa. Na yi shekaru ina girki a kan farar kanta ta kwatiz mai ratsin toka-toka, kuma a ganina rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin sai an san da me aka yi abin.

Kwatiz na kanta ba dutse ne da aka yanko daga tsauni kamar giranit ko mabul ba. A masana'anta ake haɗa shi: a niƙa dutsen kwatiz, a cuɗa shi da gam na roba da launi, a danne da inji, a gasa. Kimanin kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari na nauyinsa dutse ne, ragowar gam da launi. Kamfanin Breton na Italiya ne ya fito da wannan dabara, kuma manyan kamfanoni da dama da injinansa suke aiki. Gam ɗin ne ke toshe 'yan kafofin da ruwa zai bi ya shiga, shi ya sa ba a shafa wa kwatiz maganin toshewa lokaci-lokaci kamar yadda ake yi wa giranit. To amma gam ɗin nan shi ne kuma lagonsa.

Da za a kafa mini kantar, na roƙi mai aikin ya bar mini guntun da aka yanke a wurin zaman sinki. Shi na mayar abin gwaji, kuma ina ba duk mai shirin saye shawarar ya nemi nasa. Shayi da kofi da ruwan tumatir, ko sun kwana sun bushe, soso mai laushi da sabulun wanke-wanke sun ishe su. Kurkur ne ya ɗan nuna taurin kai. Na kwaɓa shi da mai na bar shi ya kwana, da safe na goge, sai ga wata inuwa ruwan ɗorawa ta zauna daram, sabulu bai ko girgiza ta ba. Na dama bekin soda da ruwa ya yi kauri, na shafa, na bar shi 'yan mintoci, na murza a hankali. A karo na biyu ta ɓace. Rubutun maka kuwa auduga da ɗan sifirit suka ɗauke shi nan take. Duk waɗannan a sama suke tsayawa, ba sa nitsewa.

Akwai wasu layuka masu toka-toka da ke fitowa idan an ja tukunyar alminiyam a kan kantar, masu kama da ƙarcewa. Ba ƙarcewa ba ce. Kwatiz yana mataki na 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ya fi ƙarfen tukunya tauri nesa ba kusa ba, don haka tukunyar ce ke gogewa tana barin jikinta. Bekin sodan nan yana cire su. Haka wuƙa: wanda ya yi yanka kai tsaye a kai, wuƙarsa ce za ta fara dakushewa.

Zafi ne ba shi da magani. Na sauke kaskon suya daga wuta na ɗora a kan guntun. Da na ɗaga, akwai zobe ruwan ƙasa daidai faɗin gindin kaskon, wurin ya dusashe, in ka shafa da yatsa ka ji ba santsi. Ba abin da ban gwada ba, yana nan har yau, domin ba datti ba ne, gam ɗin ne ya ƙone. Daga wajen digiri 150 na ma'aunin Salsiyas yake fara lalacewa, alhali kaskon suya yana wuce 200 ba wuya. A takardar garantin da aka ba ni ma an rubuta ƙarara cewa ɓarnar zafi ba ta ciki. Ba tukunyar wuta kaɗai ba: na'urorin girki na lantarki da ke daɗewa suna dumama wuri ɗaya suna iya tsaga kantar. Kullum akwai katako mai kauri a gefen murhuna, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kwatiz, domin mai girki hannunsa cike yake, ba koyaushe yake da sukunin neman inda zai ajiye tukunya ba.

Na biyu a ɓarna shi ne maganin wanki mai ƙarfi. Maganin wanke oben, maganin buɗe magudanar sinki, maganin cire fenti, da bilic ɗin da ba a sirka ba in ya daɗe a kai, duk suna cin gam ɗin su bar wuri fari-fari marar ƙyalli. Soson ƙarfe ma haka. Sau da yawa mai tsananin tsabta ya fi mai sakaci lalata kwatiz.

Wahalar yau da gobe ƙarama ce: farin gishiri-gishirin da ruwan famfo ke bari a gindin famfo, da dusu-dusun sabulu in ba a ɗauraye ba. Ruwan khal da aka sirka yana narkar da na farkon, amma kada a bar shi ya jima, a ɗauraye a tsane da busasshen ƙyalle. Hasken rana kai tsaye kuma yana sa farin kwatiz ya koma ruwan ɗorawa a hankali, shi ya sa galibinsa bai dace da kicin na waje ba. Bakin sinki yana iya ɓantarewa in tukunya mai nauyi ta doke shi; baki mai lanƙwasa ya fi mai kusurwa juriya.

Wani abu da masu sayarwa ba su cika ambata ba shi ne ƙurar yankan. Tana jawo cutar huhu ta silikosis ga masu aikin, har ƙasar Ostireliya ta haramta irin wannan dutse daga 1 ga Yulin 2024. Kantar da aka riga aka kafa ba ta da wannan haɗari muddin ba yanka ta ko goge ta da inji ake yi ba, amma kada a yarda a yi yankan a bushe a cikin gida.

In zan sake saye, kwatiz zan ɗauka, sai dai ba fari tas ba, kuma mai ƙyalli, don marar ƙyallin ya fi nuna shatin yatsu da maiƙo. Wanda kuwa ya san ba zai iya hana kansa dire tukunya mai zafi a ko'ina ba, gara ya nemi giranit.