Ta kawo mini shari'ar gaske, ta ɗora mata hukuncin da ba nata ba

Tauraro biyu na ba ta cikin biyar, shi ma na biyun sai da na kai zuciya nesa. Ba zan kama sunan manhajar ba. Abokan aiki lauyoyi da tallarta ke bin su duk inda suka leƙa a intanet sun san wadda nake nufi, sun kuma san abin da ake cira a asusun mutum duk wata. Ita ce wadda ake cewa za ta yi maka binciken shari'a, ta duba maka kwantiragi, ta tsara maka rubutaccen jawabi, kai kuwa ka miƙe ƙafa.

Ban shiga da ido rufe ba. Duk lauyan da ke bin labarai ya san abin da ya sami Steven Schwartz da abokin aikinsa a New York a 2023, a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jirgin sama na Avianca. Sun miƙa wa kotu shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro daga babu, har da sunayen alƙalai da lambobin shafi. Schwartz ya ma tambayi na'urar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Mai shari'a Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000, amma abin da ya fi tarar ciwo shi ne sunan mutum ya zama abin ba da misali a duniya. Saboda haka tambayata ta farko ga mai tallar ita ce: ita ma taku tana ƙirƙiro shari'a? Ya ce haba Barista, tamu ba irin waccan ba ce, daga rumbun hukunce-hukuncen gaske take ɗaukowa, kuma duk abin da ta faɗa za ta sa maka mahaɗin da za ka danna ka gani da idonka. A nan dai bai yi ƙarya ba. Ban taɓa kama ta da shari'ar da babu ita ba. Abin da ta yi mini ya fi wannan muni.

Ƙarar ta kwantiragi ce. Wanda nake karewa yana kai wa wani kamfani kaya, kuma yarjejeniyarsu ta ce duk mai son soke ta sai ya ba da sanarwa a rubuce, a kai ta hannu da hannu ko a aika ta gidan waya da rajista. Su kuwa sai suka turo masa imel kawai, suka ce an rabu. Abin da nake nema shi ne hukuncin babbar kotu da ya ce idan an amince da hanyar ba da sanarwa, dole a bi wannan hanyar. Na rubuta mata tambayar haka. Kafin in gyara zama ta jero mini amsa, a samanta ga wani hukunci na kotun ɗaukaka ƙara, da sunayen ɓangarorin, da shekara, da lambar rahoto, ga kuma sakin layi guda da ta ciro kalma da kalma. Sai ka ce don ƙarata aka rubuta shi. Alƙalin yana cewa kotu ba ta da hurumin sake wa mutane yarjejeniyar da suka ƙulla da kansu, hanyar da suka zaɓa ita ce hanya. A ƙasa manhajar ta rubuta, kamar da bakin ƙwarya, cewa wannan shi ne matsayin kotun. Na danna mahaɗin, hukuncin ya buɗe, sakin layin yana nan daram inda ta ce.

A ofishinmu ba a saka shari'a cikin jawabi sai wani ya karanta ta tun daga sunan kotu har sa hannun alƙali na ƙarshe. Na tura wa ƙaramar lauyar da ke aiki tare da ni. Can da yamma sai ga ta a bakin ƙofa da takardun a hannu, ta ja layi da jan biro a shafuka biyu.

"Yallaɓai, wannan shari'ar fa ba tamu ba ce, tasu ce."

Na ce kamar yaya? Ta ajiye mini shafin. Alƙalai uku ne suka zauna. Biyu sun yanke cewa tunda wanda aka aika wa sanarwar ya same ta, ya karanta, har ya yi aiki da ita, to ta wadatar ko da ba a bi hanyar da aka rubuta ba. Na ukun ne ya saɓa musu, kuma daga ra'ayinsa, wanda bai yi rinjaye ba, manhajar ta ciro mini wancan kyakkyawan sakin layin. Wato hukuncin da ta ba ni in kare mutumina da shi, shi ne makamin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fi so ya riƙe. Da ya shiga jawabina, ba sai ya wahalar da kansa ba. Miƙewa kawai zai yi ya ce, ya mai girma mai shari'a, ina roƙon kotu ta buɗe shari'ar da abokin aikina ya kawo da kansa, ta karanta shafin da ke gaba.

Shari'ar bogi tana da sauƙin kamawa, ka neme ta ka rasa, shi ke nan. Wannan kuwa duk gwajin da mai gaggawa zai yi ta tsallake shi. Sunan daidai, shekarar daidai, mahaɗin yana aiki, kalmomin na alƙali ne na gaske. Wanda ke da zaman kotu gobe da safe, ga fayil huɗu a gabansa, zai danna ya ga sakin layin ya ce alhamdulillahi ya wuce. Kuma ai don irin wannan mutumin ake sayar da ita.

Na koma na tambaye ta kai tsaye: wannan ra'ayin masu rinjaye ne? Nan take ta ba da haƙuri, ta ce a'a na alƙalin da ya saɓa ne, ta kawo taƙaitaccen bayanin hukuncin daidai ba kuskure. Ashe tana iyawa. Sai na buɗe sabon shafi na yi mata tambayar a matsayin lauyan ɗaya ɓangaren, ina neman hukuncin da ya ce imel ya isa sanarwa. Ta kawo mini shari'ar nan dai, wannan karon da ra'ayin alƙalai biyun. Kowa ya zo, abin da yake son ji take ba shi, kamar ɗan kasuwar da ke ce wa kowane mai saye takalmin ya yi masa daidai. Dalilin kuwa yana cikin yadda ake gina irin waɗannan manhajoji. Ana yayyanka hukunce-hukunce ne gutsi-gutsi a adana, idan ka yi tambaya sai ta lalubo gutsuren da kalmominsa suka fi kama da naka, ta ɗinka amsa a kai. Gutsuren da ya fi kama da tambayata na alƙalin da aka kayar ne, kuma ba ya ɗauke da wata alama da ke cewa an kayar da shi.

Ba ni kaɗai ba ne. A 2024 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada manhajojin manyan kamfanonin wannan harka, LexisNexis da Thomson Reuters, waɗanda tawa ko kusa da girmansu ba ta kai ba. Sun samu cewa a wasu, fiye da amsa ɗaya cikin shida tana da matsala, a wata kuma kusan ɗaya cikin uku. Cikin abin da suka ƙirga har da irin nawa, wato a kawo madogara ta gaske wadda ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. A watan Yunin 2025 kuma babbar kotun Ingila, ta bakin Mai shari'a Victoria Sharp, ta ja kunnen lauyoyi bayan wata ƙara da aka shigar da bankin ƙasar Katar, inda cikin shari'o'i 45 da aka ambata, 18 babu su sam. Ta ce mai yin haka yana iya fuskantar tuhumar raina kotu, har ma da abin da ya fi haka. A duk waɗannan, wuyan lauya ne a igiya, ba na mai manhaja ba.

Na rubuta wa kamfanin, na haɗa da hotunan komai. Amsar da ta dawo ta gode mini da "ra'ayina mai muhimmanci", ta tuna mini da sashen sharuɗɗan amfani da ya ce abin da manhajar ke fitarwa ba shawarar lauya ba ce, kuma tantancewa tana kaina. Ina kyautata zaton amsar ma na'ura ce ta rubuta ta. To da wanne zan yi aiki, tallar da ke cewa in huta, ko ƙananan rubutun da ke cewa in sake yin aikin da kaina? A Amurka hukumar kare masu saye ta sa kamfanin DoNotPay, wanda ya riƙa kiran manhajarsa lauyan mutum-mutumi na farko a duniya, ya biya dala 193,000 kan irin wannan cika baki. Mai tallar tamu ya kamata ya karanta labarin.

Sai dai zan zama azzalumi idan na tsaya nan, don a ƙarar nan ɗin dai ta yi mini abin da ya wanke mata rabin laifi. Mutumina ya kawo mana takardu kwali-kwali, rasit, takardun karɓar kaya, saƙonnin imel na shekaru, ba tsari ba komai. Muka ɗauki hotonsu muka loda, na ce ta jera su bisa kwanan wata, ta ware duk abin da ya faru bayan ranar da aka ce an soke yarjejeniyar. Aikin da zai cinye wa mutum biyu mako guda, ta gama shi muna zaune. A cikin jerin ne muka ga takardun da ke nuna ma'ajin kamfanin ya ci gaba da karɓar kaya yana buga hatimi makonni bayan wancan imel ɗin. Wanda ya soke yarjejeniya yaya zai ci gaba da karɓar kayanta? A kan wannan muka gina hujjarmu, muka bar zancen hanyar sanarwa a baya. Ranar na ce wa yarinyar, wallahi wannan abin ya biya kuɗinsa. Ba ma sabon abu ba ne a ce na'ura ta iya tace takardu, tun 2012 wani alƙali a New York, Andrew Peck, ya amince a yi amfani da kwamfuta wajen tantance tarin takardun shaida. A wannan fannin ta ƙware, kuma a ranar da tauraro huɗu zan ba ta.

Abin da ya dawo da ni ƙasa shi ne lokacin da na shiga saitunan asusun neman wani abu daban, na tarar da maɓallin da ya ba su izinin amfani da abin da muke lodawa "don inganta aiki" a kunne yake tun farko. Ba wanda ya tambaye ni. Takardun mutane ne fa, sirrin cinikinsu, abin da suka damƙa mini bisa amana. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, a ra'ayinta mai lamba 512 na watan Yulin 2024, ta ce kafin lauya ya zuba bayanan wanda yake wakilta cikin manhajar da ke koyo daga abin da ake ba ta, sai ya sanar da shi ya sami yardarsa. Kamfanin da ke sayar wa lauyoyi kaya bai san da wannan ba? Na kashe maɓallin, na nemi su goge abin da ya riga ya shiga, suka ce an miƙa buƙatata ga sashen da ya dace. Ina nan ina jiran sashen. Ga kuma rubutun hannu, da zarar ta ci karo da shi sai ta fara cankar kwanan wata, ta mayar da 1 ya zama 7, ba tare da ta ce ba ta gani da kyau ba.

Wannan takarda ta ƙungiyar lauyoyin ta taɓo wani abin da ya shafi aljihu. Idan kana cajin mutum bisa awannin da ka yi, to awannin da ka yi da gaske za ka rubuta, ba waɗanda da za ka yi in babu na'ura ba. Na yarda da haka. Amma lissafin bai fito mini yadda mai tallar ya zana ba, don lokacin da na samu a wajen nemowa ina mayar da shi a wajen tantancewa. Ga masu zuwa ofis yanzu da amsar da suka samo a wayarsu, sun riga sun yanke wa kansu hukunci, sai ka ɓata rabin awa kana warware abin da na'ura ta ƙulla musu kafin a fara maganar gaske.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata magana da mai tallar ya yi yana murmushi, wai da wannan manhajar ba sai na ɗauki ƙananan lauyoyi ba. Wadda ta ceto ni daga jin kunya a gaban alƙali ƙaramar lauya ce, kuma ta iya hakan ne don an sa ta karanta hukunci sukutum, wanda ke da daɗi da wanda ba shi da shi, har idonta ya saba neman inda aka rubuta cewa wani alƙali bai yarda ba. Bankin Goldman Sachs ya ƙiyasta a 2023 cewa kashi 44 cikin 100 na ayyukan harkar shari'a a Amurka na'ura za ta iya ɗauka. Mafi yawansu kuwa irin ayyukan da ake horar da sabon lauya da su ne. Idan an daina ba su, wa zai riƙa duba na'urar nan da shekara goma?

Na so in ajiye ɓangaren tace takardu in soke na binciken shari'a. Suka ce ba a raba su, a dunƙule ake sayarwa, kuma rajistata ta riga ta sabunta kanta na shekara guda. Don haka tana nan a kwamfutata. Takardu nake ba ta ta jera, shari'a kuwa ko ta kawo, sai an buga ta a takarda an karanta da jan biro kafin ta kusanci fayil.