DBeaver: abin da nake fara buɗewa idan rahoto ya ƙi haɗuwa da databes

Duk mai haɗa rahoto a wurin aiki ya san wannan tashin hankalin, ka danna maɓalli kana jiran lissafin ƙarshen wata ya fito sai kawai wani ɗan akwati ya ɓullo wai an kasa haɗuwa da databes, wato ma'ajiyar bayanan da rahoton ke ɗauko lissafi daga ciki, shi kenan, babu ƙarin bayani. Manhajar rahoton da muke amfani da ita haka take, ko fasiwod ne ya ƙare, ko saba (kwamfutar da databes ɗin ke zaune a kai) ce ta kwanta, ko fayawol (shingen tsaron netwok) ne ya tare hanya, duk saƙo ɗaya take bayarwa. Da can sai in yi ta lalube cikin duhu, in kashe in kunna, har da sake saka manhajar gaba ɗaya, wlh ɓata lokaci ne kawai.

Toh yanzu DBeaver nake fara buɗewa, wanda ake kira Community ɗin, kyauta ne kuma yana aiki a Windows da Mac da Linux. Ba manhajar rahoto ba ce fa, ta leƙa cikin databes ce, amma amfaninta a wurina shi ne tana raba min gardama gida biyu. Ina zuba adireshin saba da fot (lambar ƙofar da databes ke saurare a kai) da sunan mai shiga da fasiwod daidai yadda suke a rahoton, in danna Test Connection. In ta shiga, na san saba lafiya lau take, laifin yana ɓangaren rahoto. In ta ƙi, aƙalla za ta kawo min ainihin abin da databes ɗin ya faɗa.

Kuma saƙon nan shi ne komai. "Connection refused" na nufin ka isa na'urar amma babu mai saurare a wannan fot ɗin, ko dai databes a kashe yake ko lamba ka kuskure, kowane irin databes da lambarsa, MySQL 3306 ne, PostgreSQL 5432, SQL Server 1433, Oracle 1521, sai dai in mai kula da saba ya canza. In kuwa ta daɗe tana juyi sannan ta ce lokaci ya ƙare, galibi fayawol ne ko VPN ɗinka ya faɗi baka lura ba. "Login failed for user" kuma, lamba 18456 a SQL Server, wannan ka iso har bakin ƙofa ne aka ƙi buɗe maka, je ka duba fasiwod ka ƙyale netwok ya huta. PostgreSQL ma har sunan fayil yake gaya maka, pg_hba.conf, wato ba a rubuta adireshin kwamfutarka cikin waɗanda aka yarda su shigo ba.

Amma kar wani ya ɗauka ta shiga a DBeaver shi kenan an gama. Ita da direbobin JDBC take aiki (direba ita ce ƙaramar manhajar da ke haɗa ka da databes), manhajojin rahoto da yawa a Windows kuma ODBC suke bi, hanya biyu ce daban. Nan na taɓa kwana, gwaji ya yi kyau amma rahoto ya kafe, ashe manhajar 32-bit ce ni kuma na ƙirƙiri DSN ɗin, wato saitin haɗin da ODBC ke ajiyewa, a 64-bit. Abin dariyar ma shi ne odbcad32.exe, wanda ake ƙirƙirar DSN da shi, na cikin foldar System32 shi ne na 64, na cikin SysWOW64 shi ne na 32, sunayen kamar da gangan aka juya su don a rikita mutum. Sannan rahoton da ke fita da hannu amma ya ƙi fita in an saka masa lokaci da dare, duba ko User DSN ka yi, wato na asusunka kaɗai, domin asusun da ke gudanar da aikin daren baya ganinsa, System DSN ake so, wanda duk asusun da ke kan na'urar ke gani. Haka ODBC Driver 18 na SQL Server, tun fitowarsa a 2022 yake kunna ɓoye bayanai da kansa, in satifiket ɗin saba, wato shaidar tsaronta, ba wanda aka amince da shi ba ne sai ya ƙi. Duk waɗannan DBeaver ba za ta gano maka su ba, iyakarta ta nuna maka inda laifin ba ya nan.

Tana da ɗan nauyi tunda a kan Java aka gina ta, tsohuwar kwamfuta sai da haƙuri, kuma karon farko sai ta sauko da direba daga intanet, don haka in na'urar a killace take ka tanadi fayil ɗin direban tun da wuri. Sabon shiga kuma maɓallan za su yi masa yawa, ni dai har yau ban wuce Test Connection da ɗan wurin rubuta SQL, yaren da ake tambayar databes da shi, ba, in liƙa tambayar da rahoton ke aikawa in ga ko ita ce ke jan lokaci har haɗin ya yanke.